Kwamin Azola Uku a Bayan Gidan Kawu, da Abin da Sikeli Ya Nuna

A ƙarshen 2022 babu mai kiwon kaji a Kumasi da bai ji a jikinsa ba. Sidi, kuɗin Gana, ya yi ta faɗuwa, a watan Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, masara da waken soya kuwa, waɗanda da su ake haɗa abincin kaji, suka zama sai wane da wane. Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin waɗanda abin ya shafa. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru a hanyar Kumasi zuwa Bawku kafin gwiwa ta sa ya ajiye sitiyari. Gidansa yana Sawaba, cikin yankin Asokore Mampong, kuma a bayan gidan yana da kajin ƙwai 120, da agwagi shida, da wani tankin siminti da ya zuba karfasa a ciki. Matarsa, Hajiya, ita ke sayar da ƙwan, yawanci ga masu shayi da masu waakye, wato shinkafa da wake, na unguwa.

Ɗansa ƙarami ne ya kawo masa bidiyon a WhatsApp. Wani mutum tsaye a bakin ruwa mai kore shar, yana ɗebo wani ɗan ganye da hannu yana watsa wa kaji, yana cewa wanda ya noma wannan abu ya rage kuɗin abincin kaji da rabi. Sunan ganyen azola. Kawu ya kira ni saboda ni ne "mai boko" a dangi, ya ce in zo mu gwada. Na amsa, da sharaɗin duk abin da muka yi za a rubuta. Abin da ke biye daga wancan littafin ya fito, na wata takwas, daga Janairu zuwa Agusta 2023.

Irin ya zo a cikin leda, an ba direban trotro, wato motar haya, saƙo daga wajen Ejisu. Da muka juye shi a baho Kawu ya leƙa ya ce, "Au, ashe kainuwa ce, dashen Allah." Ba kainuwa ba ce. Kainuwa tana da ganye masu faɗi kamar ɗan ƙaramin kabeji. Azola guda ɗaya ba ta fi farcen yatsa ba, ganyenta ƙanana ne ƙwarai, sun hau kan juna kamar ɓawon kifi, saiwarta kuma siririya kamar zare tana reto a cikin ruwa ba ta taɓa ƙasa. In ka danna ta ƙasa da yatsa sai ta taso a bushe, ruwan ya gangare daga bayanta. Tana cikin dangin tsiron da ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Yawanci tsinkewa take yi, kowane ɓangare ya zama uwa mai kansa, shi ya sa in wuri ya yi mata takan ninka kanta a cikin kwana uku zuwa biyar.

Abin da ya bambanta ta da sauran ciyayin ruwa yana cikin ganyen. Kowane ganye yana da ɗan kogo, a ciki akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, masana suna kiranta Anabaena azollae. Ita ke zuƙo naitirojin daga iska ta ba tsiron, wato sinadarin nan da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Tsiron kuma ya ba ta masauki. Saboda haka ne manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna shimfiɗa azola a fadamunsu a matsayin taki. Wannan bayani ba ado ba ne, domin rashin fahimtarsa shi ya kashe mana kwami na farko.

Mun yi shi a tsakar fili, a kan daɓen siminti, inda babu inuwa ko ta ƙwaya ɗaya. Muka jera bulo, muka shimfiɗa tamfol, mita biyu tsawo mita biyu faɗi. Muka buɗe famfo muka cika. Da aka zo batun taki Kawu ya ce me za a je nema alhali ga kashin kaji nan buhu-buhu, ya ɗebo ɗanye daga ƙarƙashin keji ya zuba rabin bokiti. Muka watsa iri.

Kwana biyu na farko abin gwanin sha'awa. A kwana na huɗu koren ya fara komawa ja-ja, kamar an barbaɗa garin jan bulo. A na bakwai gansakuka ta turnuƙe ruwan, ta naɗe saiwar azolar, wari ya fara isa ɗakin girkin Hajiya. A na goma babu abin da ya rage sai baƙin kumfa. Muka kwashe ɗan abin da ya tsira, bai cika kofin shayi biyu ba, muka ajiye a baho a gindin bango.

Kuskure uku muka haɗa a lokaci guda, kuma sai daga baya muka rarrabe su. Na farko rana. Azola tana son haske amma ba ta son ƙuna. Ta fi walwala tsakanin digiri 20 zuwa 30, in zafi ya haura 35 ta fara galabaita. Mu kuwa mun sa ruwa mai zurfin tafin hannu a kan siminti a ƙarshen hunturu, ana shiga zafin Fabrairu, ga busasshiyar iska. Da azahar in ka tsoma hannu ruwan kamar an ɗora a wuta. Jan nan da ta yi alama ce ta wahala, haka take yi in rana ta yi mata yawa ko ta rasa abin da take buƙata. Na biyu ruwan famfo, wanda yake zuwa da kulorin, ya kamata a tara shi ya kwana biyu a buɗe kafin a yi amfani da shi. Na uku, wanda a ganina shi ne babba, ɗanyen kashin kaji. Cike yake da naitirojin, abin da azola ba ta nema a wurin kowa tunda tana da mai kawo mata. Wanda ya ci moriyar takin shi ne gansakuka. Abin da azola ke ƙishirwa a kai shi ne fosfaras.

Gwaji na biyu ba shi da dogon labari. Kawu ya ce tunda rana ce matsala a kai shi gindin mangwaro. Can kuma inuwa ta yi yawa, azolar ta yi kore amma ta ƙi yaɗuwa, busassun ganye da furen mangwaro suna ta zuba suna ruɓewa a ciki. Mako biyu muka tashe shi.

A na uku ne muka bi tsarin da aka daɗe ana koya wa masu shanun madara a kudancin Indiya, muka ɗan gyara shi daidai da abin da muke da shi. Aka haƙa rami a gefen gabas na gidan, inda rana ke bugawa da safe, katanga ta tare ta da yamma. Zurfinsa santimita 20, aka daidaita ƙasan sosai don kada ruwa ya taru gefe guda. Aka shimfiɗa tsofaffin buhunan abinci a ƙasa saboda saiwar bishiya da tsakuwa, sannan tamfol. Aka tankaɗe ƙasa mai kyau kilo 12 aka baza. Kashin shanu muka samo wajen masu shanu a mayankar Kaase, wanda ya kwana biyu ya huce, aka dama kilo 2 a bokitin ruwa tare da giram 30 na takin supa, mai ɗauke da fosfaras, aka zuba. Ruwan rijiyar maƙwabci muka yi amfani da shi, zurfin santimita 10. A sama kuma Kawu ya kafa sanduna huɗu ya ɗaura tsohon gidan sauro ninki biyu, wanda ya rage kaifin rana kuma ya tare ganye. Wannan dabarar tasa ce, ba ta cikin kowane bidiyo, kuma ta fi ragar inuwa ta kanti dacewa da aljihunsa.

Ɗan abin da ya tsira a baho ya riga ya murmure, muka watsa shi. Kwana 15 ruwan ya rufe ruf, ko tsagi babu. Da asuba in Kawu ya dawo masallaci can yake wucewa da tocila. Ya ce mini wata rana, "Ɗana, na ja mota shekara talatin ban taɓa ganin abin da ke haihuwa da dare haka ba." Kafin azumi ya kama a ƙarshen Maris mun ƙara kwami biyu, suka zama uku.

Kulawar ba ta da nauyi amma ba ta son fashi. Kullum da safe a ɗebi wani kaso da rariyar roba, a motsa sauran da hannu don ya samu wurin bazuwa. Abin da aka ɗeba a wanke shi sau biyu, in ba haka ba kaji sukan ƙi shi saboda warin kashin shanu, kuma don tsabta. Duk kwana biyar zuwa bakwai a ƙara kilo ɗaya na damammen kashi da ɗan supa kamar cikin cokali. Duk kwana goma a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo, tsohon kuma Hajiya ta gano yana yi wa alayyahunta da tattasai kyau. Ita ce ma ta fara lura cewa in saiwar ta yi tsawo sosai ganyen kuma ya ƙanƙance yana ja, to lokacin ƙara supa ya yi.

Hajiya ta yi fargabar sauro tun farko, kuma da gaskiyarta, ruwa kwance a bayan gida a Kumasi ba abin wasa ba ne. Abin da muka gani shi ne in azola ta rufe ruwan ruf da ƙyar za ka ga tsutsar sauro, domin ba ta samun inda za ta ɗago ta shaƙi iska. Haɗarin yana makon farko, kafin ta rufe, da kuma lokacin da aka yi ɗiba mai yawa aka bar fili. Gidan sauron da ke sama, in an sauke gefensa har ƙasa, yana maganin wannan.

Yanzu ga inda aka yi asarar gaske, kuma ba a cikin ruwa aka yi ta ba.

Da kwami uku suka kankama muna ɗiban kusan kilo ɗaya da rabi a rana. A ido abu ne mai yawa, bokiti guda cike. Kawu ya dubi bokitin, ya tuna bidiyo, ya yanke shawara shi kaɗai. Kajinsa suna cin wajen kilo 14 na haɗaɗɗen abinci a rana, kowace kaza giram 115 ko kusa da haka. Ya rage kashi ɗaya cikin uku, ya cike gurbin da azola. Bai faɗa mini ba, bai faɗa wa Hajiya ba. Kajin kuwa suna rububin ganyen, wanda ya ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Kafin nan ana kwasar kiret uku da 'yan kai a rana. Bayan kwana goma aka koma biyu da rabi, bayan mako biyu da ƙyar ake cika biyu. Ƙwan ya ƙanƙance, ɓawon ya yi laushi, wasu suna fashewa a hannu. Kajin suka fara tsattsagar gashin juna. Hajiya ta tare shi bayan shan ruwa, ina zaune.

"Alhaji, me ka yi wa kajin nan? Mai shayin bakin titi ya dawo mini da ƙwai bakwai yau."

"Zafi ne, Hajiya. Kowa ya san kaza ba ta son zafi."

"Bara ba a yi zafi ba? Buhun da ke ƙarewa ranar Laraba yau Asabar yana nan da saura."

Washegari na aro ƙaramin sikeli wajen wata mai sayar da kayan miya. Na auna azola kilo ɗaya cif, na tsane ta, na shanya a kan kwano a inuwa kwana uku. Da na tattara na kai wa Kawu, abin bai cika tafin hannu biyu ba. Muka ɗora a sikeli, giram 60 da ɗan ɗoriya. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa, ya ce sikelin ne ba shi da lafiya. Aka auna sukari aka ga lafiyarsa lau.

Ba a yi wa azola ƙarya ba da aka ce tana da furotin. Tana da shi, kashi 20 zuwa 30 cikin 100, amma na busasshiya. Ɗanyar fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Wannan ita ce gaɓar da masu bidiyo ke tsallakewa. Bokitinmu na kilo ɗaya da rabi, in an cire ruwa, giram 90 ne na abinci. Kawu ya janye fiye da kilo huɗu da rabi na masara da soya da garin ɓawon kawa, ya mayar da giram 90. Kajin suna cika ciki da ruwa mai launin kore, ga yunwa, ga rashin abin gina ɓawon ƙwai.

Muka ci gaba da lissafin a bayan littafin. Masu binciken kiwon kaji galibi suna tsayawa ne a kan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na busasshiyar azola a cikin abinci, domin in ta wuce haka kaza ba ta iya narkar da ita yadda ya kamata. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta, kashi 5. Ga kaji 120 wannan giram 700 ne busasshe a kullum, wato ɗanya kusan kilo 12. In kwami ɗaya yana ba da rabin kilo a rana, ana neman kwami 23 ke nan, fili sama da murabba'in mita 90, ban da hanyar wucewa. Duk bayan gidan Kawu, har da kejin da igiyar shanya, bai kai haka ba. Kuma ko an samu filin, kashi 5 aka rage, ba rabi ba. A unguwanninmu na Zango inda ɗaki ke jingine da ɗaki, wannan lissafin ya kamata mutum ya fara yi kafin ya sayi tamfol.

Aka mayar da abinci yadda yake. Sai da aka yi kusan mako uku kafin ƙwai ya koma kiret uku, kuma kuɗin da aka rasa a tsakani ya fi na buhunan da aka yi tattali. Wannan ya faɗo daidai hidimar ƙaramar Sallah, lokacin da ƙwai ke da kasuwa. Hajiya ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai tun daga ranar mabuɗin ɗakin abinci yana ɗaure a bakin zaninta.

A hidimar Sallar ne kuma aka yi kwana biyar ba a ɗiba ba. Azolar ta hau kan juna ta yi kauri kamar katifa, ta ƙasa ta rasa haske ta ruɓe, wasu ƙananan tsutsotsi suka shiga suna naɗe ganyen. Kwami ɗaya sai da aka juye shi gaba ɗaya aka sake. Maganin ƙwari bai taso ba tunda abin ci ne, ɗauraya da sabon ruwa kawai aka yi.

Ruwan Yuni ya zo da nasa. Dare ɗaya aka yi mamako, kwamin da ke gangare ya cika ya tumbatsa, da safe muka tarar da koren layi ya bi gwata ya fita waje. Wannan ya dame ni fiye da yadda ya dami Kawu. Gwatocin unguwar rafi suke faɗawa, kuma tsiron da ke ninka kansa a kwana biyar ba abin saki ba ne. Akwai nau'in azola da asalinsa na Afirka da Asiya ne, akwai kuma na nahiyar Amurka, kuma mai sayen iri a leda ba ya iya bambancewa. Na Amurkan ya taɓa rufe madatsun ruwa da tafkuna a Afirka ta Kudu, dabbobi suna ɗaukar shi ciyawa suna faɗawa, har sai da aka saki wani ɗan ƙwaro mai cin sa a 1997. 'Yar uwarta salbiniya, wadda masu kifin ado ke so, ta fito daga Burazil, ita ce ta mamaye wani babban yanki na tafkin Kariba, da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe, a farkon shekarun 1960. Muka ɗaga bakin kowane kwami da bulo ɗaya, muka huda tamfol ɗin daga sama muka sa guntun bututu da raga a bakinsa, ruwa ya fita, ganye ya tsaya. Abin da ya yi yawa kuma ba a zubarwa a gwata, ana binne shi a gindin ayaba.

Akwai ɗan gwajin da 'yar Kawu ta yi a falo, wanda ya cancanci a ambata. Tana da akwatin gilashi da jajayen kifin ado guda huɗu, ta ɗebi azola ta zuba don kyau. Kwana uku babu ko ɗaya. Rabi kifin sun cinye, rabi kuma injin tace ruwa ya yi ta dulmiyar da su har suka ruɓe, ga murfin akwatin yana ɗigo musu ruwa a ka, ga hasken falo bai isa ba. Da ta sake gwadawa sai ta cire murfin, ta matsar da akwatin kusa da taga, ta yi zobe da siririn tiyo ta ɗora a kan ruwa nesa da injin, ta zuba azolar a cikin zoben. Ta rayu, sai dai kifin ba su bar ta ta yi yawa ba. Ko da ta yi yawan, ba a barin ta ta rufe saman akwati duka, domin tsiron da ke ƙasa zai rasa haske, iskar da kifi ke shaƙa ma ta ragu.

Waɗanda suka fi kowa cin riba a gidan su ne karfasa da agwagi. Karfasa mai cin ganye ce tun asali, in aka watsa azola a tankin kafin ka juya sun share. Kawu ya rage musu abincin kanti kaɗan, a hankali wannan karon, kuma bai ga sun rame ba. Wani maƙwabci mai tarwaɗa ya karɓi iri ya gwada, nasa kifin ko kallo ba su yi mata ba. Agwagi kuwa sai da aka kewaye kwamin da waya. Su kajin ana ba su da rana tsaka, bayan sun ci abincinsu cikakke, kamar yadda ake ba mutum salak a gefen shinkafa. Tsattsagar gashi ta ragu, gwaiduwar ƙwan kuma ta ƙara ja, har masu waakye suna tambayar Hajiya ko na kajin gida ne.

Zuwa Agusta Kawu ya rufe kwami ɗaya, ya ce gwiwarsa ba za ta iya da uku ba. Biyun suna nan. Mutane suna zuwa daga Aboabo da Asawase neman iri, yana sayar musu a gwangwanin awo na olonka. Ranar da na je karɓar littafina na tarar da wani saurayi tsugune a bakin kwami, waya a hannu, yana cewa kaji 500 yake shirin zubawa kuma ya ji an ce da wannan ganyen ba sai ya sayi soya ba. Kawu bai ce masa komai ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar leda da ya ɗaure ya rataye a ƙusa tun watan Afrilu, busasshiyar azolar nan ce mai giram 60, ya ɗora masa a tafin hannu.

"Wannan kilo guda ce," in ji shi. "Kaji nawa ka ce?"